Kwamfuta ta Bakwai

Littafin kiwon kaji ne ya fara tona asiri. An buga kwafi dubu biyu, an ɗinke, an kai wa mai shi. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo da su a bayan mota, ya tsaya a ƙofar maɗaba'ar yana karanta shafi na sha tara da ƙarfi don masu wucewa su ji. Wai a ɗura wa kowane ɗan tsako lita biyar na ruwan magani kullum da safe. Ya ce shi kiwon kaji ya ce zai koya wa mutane, bai ce kiwon kifi ba.

Duk idanu suka koma kan Jan Biro. Ita ce mai gyaran rubutu, shekararta ashirin da shida a wurin, kuma sunan ya bi ta ne saboda jan biron da ba ya rabuwa da bayan kunnenta, ko da yake yanzu a kwamfuta take gyara. Mace ce da ba ta da yawan magana. Ta ce, "Ɗigo biyar na mayar da shi. Da hannuna na gyara, na kuma adana."

Aka buɗe fayil ɗin a gabanta. Lita biyar na nan zaune daram, kamar ba a taɓa kallonsa ba.

A nan ne Injiniya ta shigo maganar, don ita ke da akwatin da littafin ya kwana a ciki. 'Yar Manaja ce, ta gama karatun kwamfuta bara, ta dawo ta tarar ma'aikatan mahaifinta na yawo da ɗan filashi daga tebur zuwa tebur, a cikinsa akwai fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", da "na ƙarshe wallahi". Ta ce wannan abin kunya ne. Ta sa aka sayo wani baƙin akwati mai 'yan fitilu, ta ɗora shi a kan kabad a sito, ta ja wayoyi zuwa tebura shida. Kowane littafi ya koma ciki, kowa daga teburinsa zai buɗe ya yi aiki ya adana. Ma'aikata suka sa wa akwatin suna Rumbu, ita kuma suka sa mata Injiniya, kuma ba ta ɓoye cewa sunan na yi mata daɗi ba.

Sai dai Rumbun da ta kafa ba shi ne wanda aka koya mata a makaranta ba, don ya bi ta hannun Manaja. Da ta ce kowa zai samu sunansa da kalmar sirrinsa, ya ce shi ba zai haddace komai ba a shekarunsa, a yi suna ɗaya, kalmar sirri kuma lambar motarsa. Aka yi. A makon farko ya je buɗe wani littafi, Rumbu ya ce masa wani na ciki, ya jira. Ya kira ta har ofis ya ce, "A maɗaba'ata akwati zai ce mini in jira?" Ta yi bayani ya ƙi ji, ta cire makullin, kowa ya shiga inda ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Rajistar da ke rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita ma ta kashe ta, tunda kowa sunansa ɗaya. Da wuta ta ɗauke wata rana aikin wuni ya tafi, sai ta buga sanarwa da manyan baƙaƙe, KAFIN KA TAFI, ADANA AIKI, ta manna a kowane bango, har bayan ƙofar banɗaki.

Saboda haka da Jan Biro ta ce ta adana, Injiniya ta yi irin murmushin nan na masu ilimi, wanda ke sa mutum ya ji kamar ya mare su. Ta duba lokacin da aka taɓa fayil ɗin a ƙarshe, ta ga biyar saura minti biyu, daidai lokacin tashi. Ta ce, "Anti, ai ga shi nan kin adana. Wataƙila dai gyaran ne kika yi a zuci."

Jan Biro ta dube ta tsawon lokaci, ta koma teburinta.

Abin bai tsaya a kaji ba. Wata rana gyara zai kwana lafiya, washegari ya ɓace. Littafin koyon ɗinki ya ɓatar da gyaran babi biyu. Kalandar wata makaranta ta dawo da watan da ke da kwana talatin da biyar, bayan Jan Biro ta rantse ta rage masa. Abin haushin, kusan kullum nata ne ke tafiya. Mai Zane, wanda ke tsara shafuka da hotuna, bai taɓa rasa ko layi ba, yana kuwa faɗin haka sau uku a rana.

Injiniya ta tashi haiƙan. Ta sauya wayar teburin Jan Biro, ta sauya wadda ke bin bango, ta sayo sabuwar mahaɗar wayoyi ta jefar da tsohuwar da ba ta yi laifin komai ba. Ta binciki faifan Rumbu ciki da bai, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta sa kwamfutar Jan Biro ta rubuta ƙananan fayiloli dubu a jere ta karanto su, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta zargi zafi ta sa wa Rumbu fanka. Ta zargi ɓera ta sa tarko, ya kama yatsan Mai Zane. Ta musanya kwamfutar Jan Biro da ta mai buga rubutu, ɓatan ya bi Jan Biro zuwa sabuwar kamar ya san ƙamshinta.

Duk wannan sintiri a kan idon Kaka take yinsa. Shi ne mahaifin Manaja, shi ya kafa maɗaba'ar tun ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya miƙa wa ɗansa ragama shekara goma da suka wuce, amma bai fasa zuwa ba. Ƙarfe takwas yana ɗakinsa na ƙarshen baranda, tsakanin tsofaffin akwatunan haruffa da ya hana a sayar, ƙarfe biyar direba ya mayar da shi gida. Ba wanda ke ba shi aiki, ba wanda ke tambayarsa komai sai lafiya. Injiniya ta taɓa ajiye masa wata tsohuwar kwamfuta don ya riƙa karanta jarida da manyan haruffa. Duk sanda ta gifta da wayoyi a wuya sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau ma akwatin naki ya ci littafi? Ku ba shi abinci mana." Ita kuma ta ce, "Kaka, karanta jaridarka."

Bayan wata uku Manaja ya gaji. Ran Litinin ya kira 'yarsa ya rufe ƙofa, ya ce, "Magana ɗaya nake so. Akwatin ne ko mutum?"

Da ta ce akwatin ne, da ta yarda aikinta na shekara guda ya zama abin dariya. Kuma ga gwaje-gwajenta duk sun wanke shi. Ta ce, "Baba, Rumbu lafiyarsa lau. Hannun mutum ne."

Manaja ya gyaɗa kai, ya jawo takarda ya rubuta, ya sa a ambulan, ya soke ta a aljihun gaba. Ya fito ya tsaya a kan Jan Biro ya ce littafin lissafi na aji huɗu zai hau inji ran Alhamis da safe. In aka buɗe aka ga kuskure ɗaya daga cikin waɗanda ta ce ta gyara, to, sai dai ta yi haƙuri. Kusurwar ambulan ɗin na leƙe daga aljihunsa, kowa ya gan ta, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Injiniya ta ji ba daɗi. Wannan matar ce ke ɗora ta a cinya tana ba ta ragowar takarda ta yi zane lokacin ba ta kai tsawon tebur ba. Da yamma ta je ta tsaya a gefen teburin tana murza yatsu, ta ce, "Anti, ni fa ban ce ke ce ba."

"Kin ce hannun mutum. Hannu nawa ne ke gyara a gidan nan?" Jan Biro ba ta ɗago daga allon ba. "Zauna in gaya miki abin da na gani, tunda ni aikina gani ne. Gyarana ba ya ɓacewa rabi da rabi. In zai tafi, duka yake tafiya, littafin ya koma daidai yadda na same shi da safe. Na biyu, ranar Talata bai taɓa ɓata ba."

"Talata?"

"Wata uku ina lura. Duk abin da na gyara ran Talata, ran Laraba ina samunsa."

Injiniya ta so ta ce na'ura ba ta san ranakun mako ba, amma ba ta da sauran abin da za ta sauya in ba bango ba. Washegari, Talata, ta zo da littafin rubutu ta kafa kujera a baranda, ta ce yau sai ta ga abin da ya raba Talata da 'yan'uwanta. Ta rubuta komai. Motar shara ta zo ƙarfe tara. Mai walda na maƙwabta bai buɗe ba sai azahar. Direba ya kai Kaka asibitin ido kamar kowace Talata. Mai Zane ya sa rigarsa mai ratsi. Babban inji ya huta don a sa masa mai. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin mai walda, ta yi rabin wuni tana auna wutar da ke shiga sito, har ta je ta roƙi mutumin ya kunna injinsa ya kashe sau goma tana kallon fitilun Rumbu. Mai walda ya yi mata, sannan ya tambaye ta a hankali ko lafiya take.

Laraba da safe gyaran Talata na nan cif. Jan Biro ta buɗe littafin lissafi ta duƙufa. Shafi tamanin ne suka rage, kuma marubucin irin wanda ke tara bakwai da takwas ya samu sha shida ne. Ko abincin rana ba ta tashi ci ba.

Sai wajen huɗu da rabi Injiniya ta tuna da rajistar da ta kashe. Gaskiya ne kowa sunansa ɗaya, amma kowace kwamfuta na da lambarta. Abin da ya kamata ta fara yi tun ranar kaji ke nan, kuma ta san haka, shi ya sa ta waiga ta tabbata ba mai kallonta kafin ta kunna. Ta tambayi Rumbu wa ke riƙe da littafin lissafi yanzu. Ya ce biyu ne. Kwamfuta ta uku, wato ta Jan Biro, da kwamfuta ta bakwai.

Ta leƙa babban ɗaki ta ƙirga tebura. Shida. Ta sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, shida dai. Ta koma ta tambayi Rumbu me da me ta bakwai ke riƙe da shi. Jerin ya zubo har ya wuce ƙasan allo, fayil arba'in da ɗaya, duk an buɗe su tsakanin takwas da takwas da rabi na safe.

Ta shiga sito ta ƙirga wayoyin da ke bayan mahaɗa, ta samu guda mai launin toka da ba ta tuna ta ba. Ta bi ta. Wayar ta hau saman ƙofa, ta bi baranda a bayan tulin takardu, ta wuce banɗaki, ta shige ta ƙasan ƙofar ƙarshe. A nan ta tuna. Tsohuwar kwamfutar Mai Zane ce ta ba Kaka don jarida, kuma ba ta taɓa raba ta da Rumbu ba.

Ta yi sallama ta shiga. Kaka na zaune hancinsa kusan manne da allo, tabarau biyu a fuska, ɗaya a kan ɗaya. Ƙasan allon cike yake da fayiloli a jere.

"Kaka, me kake yi?"

Ya juyo yana murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri. "Rufe ƙofar. Ban so kowa ya sani ba, kar a ce ina shiga aikin yara." Ya nuna bangon da ke gabansa, inda sanarwarta ke manne. "Ke kika rubuta, ko? Kafin ka tafi, adana aiki. To, yaran nan na san su, biyar na yi hankalinsu ya tafi tasha. Sai na ce bari in riƙa rufa musu asiri. Da safe in buɗe littattafan in ajiye su a nan a gabana, da yamma in kowa ya gama, in bi su ɗaya bayan ɗaya in adana."

Injiniya ta nemi kujera ta zauna.

"Da farko maɓallin ƙin dannuwa yake," in ji Kaka, yana ƙara jin daɗin kansa. "Sai na gano dabararsa. In ka sa tazara ɗaya ka goge, sai ya farka. Ba wanda ya koya mini. Da littafi biyar na fara. Da abin kajin nan ya faru na ce ashe ban yi ƙoƙari ba, na mayar ashirin. Na Mai Zane ne kawai ba sa buɗuwa a nan, shi sai dai Allah ya tsare shi." Ya rage murya. "Na yarinyar nan Jan Biro na fi bi. Ni na koya mata aiki, ban taɓa ganin ta bar kuskure ba. Shekaranjiya da na ji abin da ubanki ya ce mata, ban yi barcin kirki ba. Yau duk abin da ta taɓa taɓawa na buɗe. Ina jira in ji ta ce mini sai gobe, in san ta gama, sannan in bi bayanta."

Injiniya ta dubi wayar mai launin toka a bayan kwamfutar. Taku ɗaya ne tsakaninta da ita. Tana iya zare ta a hankali, gobe ta ce wa Baba ta gano wata ruɓaɓɓiyar waya, littafi ya fita lafiya, Kaka ya ci gaba da karanta jarida bai san komai ba. Amma Baba zai ci gaba da ɗauka Jan Biro ce ta shayar da 'yan tsaki lita biyar, ambulan ɗin kuma zai koma aljihun tebur ya jira wani kuskuren. Ga kuma tsohon nan da bai samu abin yi ba shekara goma sai wannan. Tausayinsa ya kama ta.

Tana cikin wannan sai muryar Jan Biro ta taso daga baranda, a gajiye. "Maigida, sai gobe."

"Allah ya kai mu," in ji Kaka, hannunsa ya tafi kan linzamin kwamfuta.

Injiniya ta dafe hannun da nata biyu. "Kaka, kar ka danna."

"Ke, lafiya?"

"In ka buɗe littafi da safe, kwamfutarka na ɗaukar shi yadda yake a lokacin ta riƙe. Ba ta ganin abin da Anti ke yi wuni guda. In ka danna da yamma, na safen take mayarwa Rumbu, ta ɗora shi a kan nata."

Kaka ya saki linzamin. Ya cire tabarau na sama ya ajiye, ya cire na ƙasa. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana ɗaure shafukan haruffan dalma, ba ya buƙatar a faɗa masa sau biyu.

"Wato ni na ɗaure shafin safe na ajiye," ya ce a hankali. "Ita ta wuni tana sauya haruffa a nata. Da yamma in zo in watsar da nata in sa nawa a inji."

"Haka ne, Kaka."

"Kajin ma?"

"Har kajin."

"Ran Talata kuma ina wajen likita." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ashe ranar da ba na nan ce ranar da gidan nan ke zaman lafiya."

"Ba kai kaɗai ba ne. Akwai makullin da zai hana ka, ni na cire shi. Sanarwar ma ni na rubuta."

"Ke kin rubuta, amma ba ke kika danna ba. Kira mini yarinyar kafin ta fita. Ki kira ubanki."

Ta samu Jan Biro a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Manaja ya biyo su yana tambayar me ya faru, Mai Zane ma ya biyo baya ba wanda ya gayyace shi. Suka cika ɗan ɗakin. Kaka ya mayar da tabaransa duka biyu, ya ce, "Injiniya, yaya ake fita ba tare da an yi ɓarna ba?"

Ta nuna masa inda zai rufe. Ya danna, allon ya fito da tambaya, ko yana so a adana canjin da ya yi. Ya matsa ya karanta ta har ƙarshe, kamar yadda yake karanta komai.

"Sai in ce me?"

"Ka ce a'a."

Ya ce a'a, fayil ɗin ya rufe. Na biyu ya yi masa tambayar, ya ce a'a. Manaja ya buɗe baki, Injiniya ta yi masa bayani a gajarce cikin raɗa, bakin ya zauna a buɗe. A na goma ta ce, "Kaka, kawo in ƙarasa maka, akwai hanyar da za a rufe su gaba ɗaya." Ya ce ita ta buɗe su? Ya ci gaba. Kowanne sai ya karanta tambayar, kamar wataƙila wannan karon ta sauya. Ba a jin komai a ɗakin sai ƙarar linzami. Mai Zane ya fara ƙirgawa a fili, Jan Biro ta kalle shi sau ɗaya ya koma yi a zuci. Littafin lissafi ne na ƙarshe. Kaka ya daɗe a kansa, sannan ya danna, allon ya koma fili.

"Buɗe nata mu gani," ya ce.

Injiniya ta buɗe daga Rumbu. Bakwai da takwas sun ba da sha biyar. Jan Biro ta sauke jakarta a kan akwatin haruffa, ta juya fuska wajen taga.

Manaja ya yi gyaran murya. Ya ce to, alhamdu lillahi, ai an gano, dama shi tun farko ya ce abin nan akwai wani abu a ciki. Ya ce laifin akwatin ne da ba ya hana mutum biyu shiga wuri ɗaya, ina amfanin akwatin da ba shi da makulli? Injiniya ta ɗaga kai ta dube shi, ya tuna, ya shiga gyara wuyan rigarsa.

"Miƙo takardar nan," in ji Kaka.

"Wace takarda, Baba?"

"Wadda ke leƙe a aljihunka kwana uku kamar harshen kare."

Manaja ya miƙa. Kaka ya farke ambulan ɗin, ya shimfiɗa takardar a tebur, ya karanta daga sama har ƙasa yana bin layi da yatsa. Sannan ya ɗaga hannu wajen Jan Biro ba tare da ya dube ta ba. Ta gane. Ta zare biron daga bayan kunnenta ta sa masa a tafin hannu, kamar yadda take yi shekara ashirin da shida da suka wuce in ya zo duba aikinta.

Ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan sunanta, ya rubuta nasa a sama da kyakkyawan rubutunsa na dā, ya sa alamar gyara a gefen shafi yadda ƙa'ida ta ce. Ya tura wa ɗansa.

"Takardar ta yi kyau. Sakaci, ɓata aikin mutane, jawo wa gida abin kunya, duk daidai ne. Kuskure ɗaya ne a ciki, na gyara. Sa hannu."

"Haba Baba. Ta yaya zan sallame ka? Kai da ko aiki ba ka..." Manaja ya haɗiye sauran, amma ya riga ya fita, kowa ya ji.

"Ƙarasa mana," in ji Kaka. "Ko aiki ba na yi. Na ɗauka na samu ɗaya ne."

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Manaja ya ninke takardar huɗu ya cusa a aljihun wando, ya juya wajen Jan Biro ya ce ta yi haƙuri, sau biyu, na biyun da muryar gaske. Injiniya ta ce, "Anti, ni ma." Jan Biro ta ce za ta yi tunani, amma ta dafa kafaɗarta da ta zo wucewa.

Direba ya leƙo ya ce biyar ta gota. Kaka ya miƙe da kyar, ya kashe kwamfutar da kansa. Injiniya ta durƙusa ta zare wayar mai launin toka, ta naɗe ta a hannu, shi kuma yana tsaye yana kallonta har ta gama.

Jan Biro ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Maigida, littafin nan shafi ɗari da sittin ne, ido ɗaya ne kawai ya bi shi. Zan sa a fitar maka da shi a takarda da manyan haruffa kafin takwas. Inji ba zai tashi ba sai goma."

"Idona ya mutu, ke ma kin sani."

"Marubucin ya fi ka makanta."

Kaka bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya bi direba a hankali, yana dafa bango. Biron dai bai mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba.